Jar Motar Mati Direba

Duk wanda ya taɓa zama a Yelwa ta Yauri ya san Mati Direba. In bai san fuskarsa ba, to ya san tarin motarsa. Wata tsohuwar a-kori-kura ce mai launin da ba wanda zai iya rantsuwa a kansa, wasu su ce kore ne, wasu su ce a'a, shuɗi ne ya tsufa. Ƙofar direba da guntuwar igiyar komar kamun kifi ake ɗaure ta. Ƙarnin kifi kuwa ya shige cikin ƙarfenta ya zauna daram, ko an wanke ta da omo sai kyanwa ta biyo ta.

A wani tsibiri aka haifi Mati, cikin waɗanda ruwan Kainji ya cinye, aka kwaso iyayensa zuwa tudu yana goye. Ubansa masunci ne, kakansa ma haka, amma shi ruwa bai karɓe shi ba. Da ya shiga kwalekwale sai jiri, sai amai, har ya zama abin tsokana a bakin ruwa. Ganin haka uban ya miƙa shi ga wani direba ya zama yaron mota, daga ɗaura kaya ya kai ga riƙe sitiyari, daga nan ya yi ta tattali har ya mallaki tasa. Ya kwashe shekara talatin da wani abu yana jigilar bandar kifi da albasa da shinkafa tsakanin Warra da Shanga da kasuwar Yelwa. Da wannan ya ci, da shi ya ciyar.

Amma ba jigilar kaya ce ta yi masa suna ba. Mati ba ya karɓar ladan ɗaukar marar lafiya, ko mai naƙuda, ko gawa. Bai taɓa tsayawa ya sanar da haka ba, mutane ne suka lura, maganar ta bazu. Yaro ya faɗo daga mangwaro, a kira Mati. Ƙugiya ta shige ƙafar masunci, a kira Mati. Zauren gidansa ba shi da ƙyaure, benci ne kawai da randa da moɗa, kuma da wuya ka leƙa ka tarar ba kowa. Masu jiran ya dawo su roƙe shi wata alfarma, da masu jiran ya fita su maƙale a baya, da waɗanda ba abin da ya kawo su sai inuwa da hira. Yakan yi ta mita, yana cewa an mayar da shi motar gwamnati. Ƙarya yake yi, wallahi. Ranar da ba a sallamo masa da wata buƙata ba, tuwo ma ba ya yi masa daɗi.

Kujerar gaba kuwa tana da mai ita. Gideon ne, wani Bakambare mai bandar kifi daga wani ƙauye can gefen hanyar Warra, wanda shi ya fara ba Mati lodi a ranar da ya fito da motar. Tun daga nan suka ƙulle. Duk ranar kasuwa Mati zai ratsa ta ƙauyen ya kwashi kwandunansa, Gideon ya ɗare gaba ya ɗora ƙafa a kan batir, su kama gardama. Gardamar ruwan bana, gardamar wane kifi ya fi daɗi tsakanin giwan ruwa da ragon ruwa, gardamar wa ya girmi wani. Ba su taɓa gama ko ɗaya ba. Da Kirsimeti Mati ke kwasar iyalin Gideon zuwa ziyara, da Sallah kuma Ruth, matar Gideon, ita ke aiko da doyar da ake ci da naman layya.

To, Mati yana da ɗan fari, Sufyanu. Kuma Mati mutumin da ne, ya riƙe kunyar ɗan fari gam, yadda ya tarar iyayensa suna yi. Bai taɓa kiran sunan yaron ba. Bai taɓa zaunar da shi sun yi hira ido da ido ba. Halimatu, uwar yaron, ta ma fi shi, in ya shigo gaishe ta sai ta amsa tana kallon tukunya. Ƙanwar Mati, Indo, ita ta yaye shi, ita ta raine shi, don haka a gidan "ɗan Indo" ake ce masa. Duk maganar da za ta tashi daga uba zuwa ɗa, ko daga ɗa zuwa uba, sai ta bi ta ɗakin Indo. Ba ƙiyayya ba ce, kada wani ya ɗauka haka. Mati yana son yaron nan har cikin ransa, ranar da yaron ya tafi Legas ma sai da uban ya ɓuya bayan mota ya share ido. Abin da dai ba a yi shi ne a nuna.

Sufyanu ya shiga harkar shigo da motoci a Legas, Allah kuma ya buɗa masa. Wata Sallah ya zo gida, yana shigowa gari ya hangi a-kori-kura a gefen titi, ƙafafun ubansa sun leƙo daga ƙarƙashinta, baƙin mai ya ɓata masa wando. Bai tsaya ba, don tsayawar ma kunya ce. Ya wuce ɗakin Indo ya zauna ya yi kuka. Shi a ganinsa wahala ce ya gani. Ina zai san cewa a daidai lokacin Mati waƙa yake yi a ƙarƙashin motar?

Ba a daɗe ba sai ga wata doguwar mota ta shigo unguwa ranar wata Juma'a, da wani abu a bayanta lulluɓe da tamfal. Ana saukowa daga masallaci aka yaye. Jama'a suka matso kallo.

Ja ce, ja wur, tana ɗaukar ido. Tsayinta bai wuce ƙugun mutum ba, ta baje a ƙasa kamar kwaɗo ya yi shirin tsalle. Tayoyin faɗi gare su, fitilun a lumshe. Irin motar tseren nan ce da samari ke kallo a waya, wadda ko a Birnin Kebbi ba a cika gani ba. Sufyanu da kansa ya biyo ta. Ya durƙusa a ƙofar zaure, kansa a ƙasa, ya ajiye makulli a gaban Indo.

"Goggo," in ji shi, "ki ce ma Baba ya huta hakanan. Tun ina yaro nika mafarkin wagga mota, na ce in Allah ya ba ni, shi za ya fara hawa. Waccan kuma a ba ni ita, kada ya sake shiga ƙarƙashinta."

Indo ta juyo ta maimaita, ko da yake Mati yana tsaye a nan, ya ji komai da kunnensa. Unguwa kaf ta zuba masa ido. Liman yana ta sa albarka, mata suna guɗa daga cikin gida. A irin wannan wuri me uba zai ce? Ya kalli bango ya ce, "Madalla. Allah shi yi albarka." Kafin la'asar an tura a-kori-kura an hau da ita bayan doguwar motar, an tafi. Igiyar ƙofarta tana reto har suka sha kwana.

Kada a yi wa Mati ƙarya, a kwanakin farko motar ta tafi da shi. Shigarta dai aiki ne, sai ka ba ta baya, ka saki jiki ka faɗa, sannan ka jawo ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, hula kuwa sai dai a cire a riƙe. Amma da ka zauna, kujerar fata ta rungume ka, sanyi ya fara busowa, ka rufe ƙofa, sai duniya ta yi shiru. Ba a murɗa makulli, wani maɓalli ake dannawa, injin ya yi gurnani daga bayanka, don a baya aka sa shi. Ba kuloci. Mati ya yi ta taka ƙasa da ƙafar hagu yana neman abin da babu, hannunsa yana laluben giya a iska.

Wata safiya ya fita da ita hanyar Kontagora, ya sami inda kwalta ta miƙe ba rami, ya ce bari ya ɗan taɓa totur. Ɗan taɓawa fa. Sai ya ji an manna shi da kujera, itatuwa suka zama zare, cikinsa ya koma baya. Mutumin da ya shekara talatin yana lallashin mota ta hau gangare, yau ga mota tana roƙon a ƙyale ta. Ya fashe da dariya shi kaɗai, har da buga sitiyari. Da ya tsaya, ya ce a ransa, ashe haka masu kuɗi ke ji. Ya yi alfahari da yaron nan ranar, alfahari mai yawa.

Dawowa gari ne ta fara nuna masa halinta. Tudun nan da ake yi a kan titi don rage gudu, wanda a-kori-kura ke hayewa ba ta ma san da shi ba, nan ya ji ƙuuu a ƙarƙashi, har cikin haƙoransa. Dole sai ya karkace ya hau shi a gicciye, taya ɗaya bayan ɗaya, 'yan kabu-kabu na bayansa suna ta hon. Hanyar bakin ruwa, inda rayuwarsa take, ba ta biyuwa sam. Ya kai ta wurin bakanikensa don a ɗan ɗaga ta, mutumin ya zagaya ta, hannuwansa a baya, ya ce shi ba zai sa sifana a jikin wannan ba ko za a yanka shi. Wurin kaya kuma a gaba yake, wani ɗan akurki da ko kwando ɗaya na ƙananan kifin warangi ba zai ɗauka ba.

Duk wannan mai sauƙi ne. Babbar matsalar ita ce kujera biyu ce tak, ta direba da ta mutum ɗaya.

Aka yi rasuwa a Shanga, dattawan unguwa suka taru a zaure kamar yadda aka saba, za a tafi gaisuwa. Suka dubi motar, suka dubi juna. Wa za a ɗauka, wa za a bari? In ya ɗauki liman, mai unguwa ya ji haushi. In ya ɗauki mai unguwa, ga wanda mamacin surukinsa ne. Aka yi ta "kai ka shiga", "a'a, kai dai ka shiga", har rana ta yi. Ƙarshe suka tafi tasha suka hau ta haya, shi kuma ya bi su a baya shi kaɗai, sanyi na busa shi. A wurin gaisuwar aka bar mamaci aka koma kallon mota. Aka shimfiɗa masa darduma daban, can gaba. Kunya ta kama shi kamar ya nutse.

Ranar kasuwa Gideon ya iso a motar wani, da kwandunansa. Ya zo gidan, ya zagaya jar motar, ya leƙa ta gilashi, ya goge hannunsa a riga tukuna ya taɓa ta da yatsa ɗaya.

"Shigo mu zaga gari," in ji Mati.

"Da wanga ƙarni nawa? In ɓata ma yaro kujera?" Gideon ya yi dariya. "Bari dai sai ranar da na yi wanka da sabulun Legas."

Wasa ya yi, amma bai shiga ba. Kuma ranar ba su yi gardamar komai ba.

Abin ya ishi Mati. Ya shiga ɗakin Indo ya zauna a bakin gado, ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye. "Ki gaya ma ɗanki na gode, amma ya zo ya ɗauki abinshi. Ba tawa ba ce. Ya maido mini da tawa, in ko an sayar, ya samo mini irinta. Wagga ta raba ni da mutane."

Indo ta riƙe baki. "Yaya, in ce mishi ka maido kyautarshi? Yaron da ya yi kuka a ɗakin ga saboda kai? Wallahi zuciyarshi karyewa za ta yi."

"To ki san yadda za ki faɗa."

Ta kuwa san yadda za ta faɗa. Aikin mai kai saƙo tsakanin uba da ɗan fari ke nan, ta rage wa magana kaifi kafin ta isa, kuma Indo ta ƙware, shekara da shekaru tana yi. Ta rage, ta rage, har ba abin da ya saura. Abin da ya isa kunnen Sufyanu a waya shi ne, Baba yana ta godiya, yana ta sa albarka, sai dai motar ta ɗan takura shi, don gidan ba a yi shi domin irinta ba, kuma mutane sun yi yawa a kanta.

Yaro mai hankali, nan da nan ya gane abin da ya ɗauka ana nufi. Sati bai zagayo ba sai ga magina da tifar yashi da bulo. Ina za a yi gareji? Ba wani fili a gidan da ke kallon titi sai zaure. Mati yana tsaye aka fitar da benci da randa, aka sa diga. Ya buɗe baki zai yi magana, shugaban maginan ya miƙo masa waya, ya ce ga Alhaji Sufyanu a kan layi yana tambaya ko aikin ya yi. Mati ya dubi wayar kamar garwashi, ya nuna Indo da haɓa. Indo ta karɓa ta ce ya yi ƙwarai, Baba ya ji daɗi.

Aka yi gareji mai kyau, da siminti mai santsi, da ƙaton get na baƙin ƙarfe mai sakata ta ciki. Aka ƙara wa katanga tsayi. Yanzu mai son ganin Mati sai ya tsaya a rana ya buga ƙarfe, unguwa duka ta ji. Wa zai buga irin wannan get don ya ce ɗansa na gudawa? Masu hira suka koma gindin wata darbejiya can ƙarshen layi. In ya je ya zauna, sai a tashi a ba shi wuri mai kyau, hirar ta canja, a koma tambayarsa labarin Legas, garin da bai taɓa takawa ba. Sayar da motar ba dama, kyautar ɗa ce, garin nan kaf ya shaida. Barin ta a rufe ma ba dama, sai a ce ya raina. Kullum da safe ya goge ta, ya tayar da ita ta yi gurnaninta, ya kashe. Ya rame. Halimatu ta ce ko maleriya ce, ya ce eh, ita ce.

A bakin Halimatu ya ji labarin Gideon, ita ma wata mai tallan kifi ce ta gaya mata. Wai jiya a kasuwa yana cikin sauke kwando ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. A baro aka turo shi daga bakin ruwa har titi, sannan aka sami Keke Napep. Kuma hanyar asibiti ta ƙofar gidan Mati ta bi.

Bai tsaya neman hula ba, ya tari ɗan kabu-kabu. Ya tarar da Gideon kwance, bakinsa ya karkace, ido ne kawai ke magana. Ruth na zaune a ƙasa kusa da gadon.

"Kunka wuce ta ƙofata," in ji Mati. "Ina ciki. Ina ciki, Ruth. Mi ya hana ku bugawa?"

Ta sunkuyar da kai. "Mun tuna da kai, Baba Mati. Har mai keken ya rage gudu. To amai yake ta yi, ya ɓata jikinshi duka. Munka ga ba motar da za a sa irinshi ba ce."

Ba da gatse ta faɗa ba, kara ce ta yi masa. Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan.

Ya yi jinyar abokinsa, kullum yana takawa asibiti a ƙafa da kwanon kunu. Da likita ya ce a koma gida a ci gaba da gasa masa jiki da shan magani, Mati ya rantse ba wanda zai kai Gideon ƙauye sai shi. Ya fito da jar motar, ya haye tudun titi a gicciye, ya tsaya a ƙofar asibiti. Mutane suka taru, kamar kullum. Aka turo Gideon a keken marasa lafiya, aka ɗaga shi, aka juya shi ya ba motar baya. Ƙafar da ta shanye ta ƙi lanƙwasuwa. Aka gwada ta kai, kafaɗa ta tokare. Aka tura kujera baya iyakarta, aka sake gwadawa, Gideon ya yi wani nishi da ya sa Ruth ta ce don Allah a bari. Ko da ma ya shiga, ita da ke tallafe da kansa a ina za ta zauna? Mati yana durƙushe a ƙasa, riƙe da ƙafar abokinsa, gumi na zuba, wasu samari kuwa suna gefe suna ɗaukar hoton motar.

Aka kira wata tsohuwar motar haya daga tasha, aka kwantar da Gideon a kujerar baya, kansa a cinyar Ruth. Mati ya ce zai raka su. Haka suka kama hanyar Warra, ta haya a gaba tana hayaƙi, motar da ta fi kowace gudu a ƙasar Yauri tana binta a baya tana kauce wa ramuka.

A mararrabar ƙauyen kwalta ta ƙare. Daga nan hanyar ƙasa ce da ruwan sama ya zaizaye, tayoyin manyan motoci sun haƙa kwari biyu, tsakiya ya yi tudu. Mati ya san hanyar nan kamar tafin hannunsa, ya kuma san ba za ta wuce ba. Duk da haka ya gwada. Hancin motar ya daki ƙasa tun kafin tayoyin baya su bar kwalta. Ya ja baya ya tsaya, ya fito da ƙyar.

Ta haya ta dakata. Ruth ta leƙo ta taga. "Koma hakanan, Baba Mati, kada ka lalata ma yaro mota. Mun gode, Allah shi saka."

Ya leƙa ciki. Gideon ya dube shi, leɓensa ya motsa, maganar ba ta fito ba. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ɗan taɓa masa gemu. Direban ya ja, suka gangara cikin kwarin suna tangaɗi, har dawa ta rufe su.

Ya so ya bi su da ƙafa. To wa zai bar wa motar a bakin daji? Ya koma ya faɗa cikin kujerar, ya jawo ƙafafunsa, ya rufe ƙofa, ya zauna bai tayar ba.

Can sai ga wata tsohuwa ta fito daga gona, da ƙaton dammin itace a kafaɗa, tana ɗingishi, ta nufi hanyar Warra. Hannun Mati ya riga tunaninsa, ya sauke gilashi.

"Inna, ina za ki? Kawo kayan in rage miki hanya."

Tsohuwar ta tsaya. Ta dubi jar motar tun daga hanci har wutsiya, ta dubi mutumin da ke kishingiɗe a ciki. Sai ta ja da baya ta shiga cikin ciyawa don ta ba shi hanya, ta rusuna da itacen a kafaɗarta.

"Ranka shi daɗe," in ji ta. "A sauka lafiya."